Makullai Biyu a Haɓar Zanena

Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, ko da yake bakina da tatsuniya ya saba. Da idona na gani, da hannuna na riƙe, kuma har yau in na tuna sai in ji sanyin shekarar nan ya dawo mini cikin ƙashi.

Renon jikoki ne ya kai ni Amurka. Ɗana na fari ya aiko a ɗauke ni, ya ce matarsa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, shi yana tuƙi, ga yara biyu ba mai duba su. Ba na kama sunansa, ɗan fari ne. Direba nake ce masa, shi ma ya saba. Muna zaune a Morris Heights, cikin Bronx, hawa na huɗu a wani dogon gini mai jan bulo. Kusa da mu jirgin ƙasa yake bi ta saman kawunan mutane a kan ƙarafa, wanda suke kira mai lamba huɗu. Ni da na yi zaman aure a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi a Kaduna, ƙararsa ba ta dame ni ba. Ita kaɗai ce ma muryar da na sani a garin.

Direba yana da mota. Doguwa ce, baƙa, kujerunta da laushi kamar katifa. Shekara shida ya yi yana wanke-wanke a gidan abinci yana goge daɓe kafin ya mallake ta. Da ita yake kai fasinja filin jirgin sama, can wajen wata unguwa da suke kira Jamaica, ya ɗauko wasu ya dawo. Abincinmu a cikin motar nan yake, hayar ɗaki a cikinta take, karatun ƙanwarsa da na baro a Zariya shi ma a cikinta yake. Ran Asabar da kansa yake wanke ta, ko da ruwa yana daskarewa a bokiti. Surukata kuwa a lokacin tana da ciki, an ce da an yi Kirsimeti za ta ajiye aiki.

A kwanar layinmu akwai shagon Alhaji, mutumin Kumasi, ɗan zango. Garin rogo, busasshen kifi, manja, daddawa, goro, duk a wurinsa muke saye. Yana da farar motar kaya da yake ɗauko su da ita. Ya daɗe a garin, ya riga kowa zuwa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, "ka" yake ce mini, kuma Mma yake kirana. Ran Lahadi da yamma maza suna taruwa a bayan shagon, namu sun taso daga coci, nasu sun idar da salla, su hau kan buhuna su yi ta musu.

Wata Lahadi, ana saura kwanaki kaɗan masu ƙasar su yi zaɓen shugabansu, na sauka sayen daddawa. Tun daga ƙofa na ji muryar Direba ta fi ta kowa.

"Alhaji, ka daɗe a nan har ka manta yadda duniya take. Mutum yana kan kujera, soja nasa, ɗan sanda nasa, masu ƙirga ƙuri'a shi ke ba su albashi, sa'an nan ka ce mini zai faɗi? A wace ƙasa?"

"A wannan ƙasa, abokina. Kai rediyo kake ji a mota. Ni ina ganin abin da mata ke ɗauka su mayar kan kanta don ya fi ƙarfinsu. Mutumin nan ya tafi."

"Sai dai in shi ya ga dama."

"Ɗan Najeriya! Ku komai sai soja."

"Ji mai magana. Ku a Gana wa ke mulkinku, limami?"

Aka kwashe da dariya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke da ƙuri'a a ƙasar nan, amma jijiyar wuya a tsaye, kamar gadon ubansu ake rabawa. Sai Alhaji ya hango ni.

"Yawwa, ga Mma. Mma, ka buɗe hannu."

A wurinmu, in maza biyu suka kira tsohuwa a gaban shaidu suka ce ta buɗe hannu, buɗewa take yi. Ba a fara tambaya. A gida na riƙe wa mutane takardar fili, na riƙe kayan amarya, na riƙe sarƙar wadda ta tafi asibiti ba ta san ko za ta dawo ba. Na buɗe. Aka sa mini ambulan biyu da makullai biyu.

"Ajiya ce, Mama," in ji Direba. "Kwana kaɗan."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Caca kuke yi?"

"Subhanallahi, Mma! Ni da na je Makka? Musu ne. Musu mai shaidu."

"Mu ma ai a coci an hana caca," in ji Direba, aka sake dariya.

Na ƙulle makullan a haɓar zanena. Ambulan ɗin kuwa iri ɗaya ne, ni kuma ba karatu nake ba, amma na Alhaji yana da jan tabo inda ɗan yatsansa mai goro ya taɓa. Da tabon nan na bambanta su.

Da na hau sama na miƙa wa surukata na Direba ta duba mini. Ta zare takardar, ta juyo bayan takardar, ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta jingina da firji, ta sulale a hankali har ƙasa, hannunta a kan ciki.

"Mama, kin san abin da kika karɓo? Takardar mallakar mota ce. Ya sa hannu a baya, inda mai sayarwa yake sawa. Duk wanda ya rubuta sunansa a nan, motar ta zama tasa."

Makullan na ko-ta-kwana ne, kowa yana nan yana tuƙa motarsa. Amma in mai ci ya zarce, Direba ya ɗauki motar kayan Alhaji. In ya faɗi, baƙar mota ta tafi.

Gaskiya zan faɗa, a daren farko ban ji tsoro sosai ba, don ni ma ra'ayin ɗana gare ni. A tsawon rayuwata na ga an fitar da mai mulki da bindiga, na ga an fitar da shi a akwati, amma ban taɓa ganin takarda ta tashe shi ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar zaɓen kanta. Na sa aka sayo shinkafa, man gyaɗa, kyandir da ashana. Na cika bahon wanka da ruwa, na hana kowa taɓawa. Surukata ta ce, "Mama, nan ba a haka." Na ce mata ko'ina haka ake cewa kafin a yi.

Ranar ta zo, Talata ce. Na zauna bakin taga tun safe. Mutane suka tafi aiki kamar kullum. Shaguna a buɗe. Makarantar da ke tsallaken titi nan ake jefa ƙuri'a, na ga tsofaffi suna shiga da sandunansu, su fito, su wuce. Ba motar samari masu ihu, ba mai riƙe da gora, ba ko mai ɗaga murya. Shirun nan ya fi hayaniya tayar mini da hankali, don na san irinsa.

Washegari da safe surukata ta same ni ina ɗaura ɗankwali.

"Mama, mai ci ya faɗi."

Na fito falo. Direba yana zaune a bakin kujera, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya zuba wa talabijin ido.

Da yamma Alhaji ya hawo da shaidu biyu, ɗaya mutumin Jos, ɗaya mutumin Tamale. Suka tuɓe takalma, aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi mai ciki, aka sha ruwa. Sa'an nan Alhaji ya ce, "To, Mma, ajiya ta ƙare."

Hannuna ya tafi haɓar zane. Direba ya ce, "Dakata, Mama." Ya juya ga shaidu. "Me na ce ranar nan? Na ce wanda ke kan kujera zai ci gaba da zama. Haka na ce ko ba haka ba?"

Suka ce haka ne.

"Yanzu wa ke kan kujera? Jiya a wane gida ya kwana?"

"Abokina," in ji Alhaji, "sai bayan sabuwar shekara ake miƙawa. Haka dokarsu take."

"Madalla. An bar mutum wata biyu da rabi da sojojinsa da jiragensa, an gaya masa ranar da za a kore shi. Alhaji, kai yaro ne?"

Shaidun suka dubi juna. Na ga a fuskarsu babu wanda zai iya rantsuwa cewa mutumin zai fita. Su ma daga inda muka fito suka fito. Mutumin Tamale ya ce, "Alhaji, maganarsa tana da tushe." Alhaji ya yi dariya har ya sarƙe da tari, ya share hawaye da hannun riga.

"Ba komai. Mma, ka ci gaba da riƙewa. Ranar ba ta gudu."

Daga nan wahalata ta fara.

Kullum da asuba Direba ya kunna rediyo a kicin yana murɗawa, tasha bayan tasha. Da farko ban gane ba. Rannan na tambaye shi me yake nema.

"Badujala, Mama. Kiɗan soja. Ki jira ki gani, suna shiri ne. Babu janar ɗin da zai yarda."

Yana faɗa yana murmushi, yana shafa bota a burodi.

Ranar da aka fara sa badujala a rediyo a Kaduna, shi yana riƙe da gefen zanena, bai fi shekara biyar ba. Ba ya tunawa. Ni ina tunawa. An ce mana manya ne ke rigimarsu, ba ruwan talaka. Watanni kaɗan abin ya sauko cikin unguwa. Ƙanena, autanmu, yana zaune a wurinmu yana koyon ɗinki a shagon wani mutumin kudu. Da safe ya ce bari ya leƙa ya ga ko maigidansa lafiya, yanzu zai dawo, a ajiye masa koko. Na rufe kokon da faifai. Mun neme shi a asibiti, mun neme shi a bariki, mun bi gefen layin dogo ni da uban Direba muna buɗe fuskoki. Abin da na gani a gefen layin nan ba zan faɗa ba. Ba mu same shi ba, ko a cikin waɗancan.

Na ce wa Direba, "Ka san abin da kake roƙo?"

"Haba Mama. Nan ba za a taɓa kowa ba. Sanarwa kawai za su yi, kowa ya tafi aikinsa."

"Haka aka ce mana."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

To ga inda na tsaya. In ƙasar nan ta zauna lafiya, motar ɗana ta tafi, ga haihuwa tafe, ga yarinya a makaranta. In motar ta tsira, to sojoji sun fito ke nan, jikokina suna tsallaken titi a aji. Na durƙusa zan yi addu'a, sai in rasa ta inda zan kama. In ce Ubangiji ya ba da zaman lafiya, sai makullin ya taɓa mini cinya. In ce ya tsare abincin gidan nan, sai in ga faifan nan a kan kwanon koko.

Bayan zaɓe da kamar mako guda na tafi gidan wanki mai inji, can wajen babban titi, da buhun kaya a ɗan keken turawa. Ina dawowa sai na ji ganga. Na tsaya. Ganga ce ta soja, da begila, babu shakka, kunnena ba ya ɓata wannan. Na ɗaga kai, ga maza cikin kaki suna tahowa a jere da tuta.

Ku ji abin da zuciyata ta ce, kafin tsoro, kafin in tuna yara, kafin komai. Ta ce: mota ta tsira.

Daɗi na ji. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, har cikin ciki. Sa'an nan na zauna a kan buhun wanki a gefen titi. Da suka matso sai na ga tsofaffi ne, wasu da furfura, wasu ana tura su a keke, yara suna ɗaga musu hannu. Wata mata 'yar Gana da ta san ni a shago ta dafa ni ta ce ranar tunawa da tsofaffin sojoji ce, kowace shekara ana yi. Ta ce, "Mma, jikinka yana rawa, sanyi ne?" Na ce sanyi ne.

Tun daga ranar na daina tsoron sojoji kaɗai, na koma tsoron kaina. Ni da na bi layin dogo ina buɗe fuskoki, ni ce na ji badujala na yi murna. In jiniya ta wuce, in jirgi mai saukar ungulu ya yi shawagi a kan kogin da ke kusa da mu, sai in dafe ƙirji in saurara, ba waje nake saurare ba, ciki nake saurare, in ji me za ta sake cewa.

Cocinmu ɗaki ne da aka yi haya a saman wani shago a Mount Hope. Wata Lahadi fasto ya yi addu'a domin ƙasar da ta karɓe mu, ya roƙa a miƙa mulki lafiya ba tare da ɗigon jini ba. Kowa ya ce amin. Bakina ya buɗe, babu abin da ya fito. Shugabar zumuntar mata ta bi ni har matakala tana tambaya ko jikin ne. Na ce hawan jini ne. Ta ba ni shawarar tafarnuwa.

Aka yi Kirsimeti, surukata ta ajiye aiki. Sabuwar shekara ta shiga, rediyo bai sa badujala ba. Murmushin Direba ya fara raguwa. Wata rana ya dawo da tsakar rana, abin da ba ya yi, ya same ni ina tsince wake. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar lokacin yana yaro.

"Mama, takardar nan. Ki ce ta ɓata. Ki ce kin haɗa da shara ba ki sani ba. Ni zan nemi wata a ofishinsu. Ke ba karatu kike ba, wa zai ga laifinki?"

Maganar ta soke ni, amma ban nuna ba. Da ya fita na ciro ambulan ɗin daga ƙasan akwatina, wanda ba shi da tabon goro. Na shiga kicin, na kunna gas. Na tsaya ina kallon shuɗiyar wutar. Surukata ta zo bakin ƙofa, cikin ya yi ƙasa, ƙafafunta a kumbure. Ba ta ce in ƙona ba, ba ta ce kada in ƙona ba. Mun daɗe a haka, har gefen takardar ya ɗauki zafi a hannuna. Sai na kashe wutar. Ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron idon mutanen da aka sa mini amana a gabansu ba. Tsoro dai ne. Surukata ta juya ta koma ɗaki tana jan ƙafa.

Washegari na sauka shago lokacin da ba kowa, na durƙusa a gaban kanta. Alhaji ya zabura ya zagayo.

"Mma, tashi! Ka girme ni, kada ka ja mini. Tashi don Allah."

Na ce ya dubi mai ciki, ya dubi yara, ya bar maganar nan.

Ya juya goro a hannu. Ya ce, "Mma, in tambaye ka. Da ni na faɗi, ɗanka zai bar mini motar kaya?"

Da kunnena na ji Direba yana faɗin irin fentin da zai yi mata.

"Ka gani. Amma saboda furfurarka, ga abu ɗaya. A gaban mutane ya ce mini yaro. Ya dawo gaban mutanen nan ya ce, Alhaji, ka fi ni sanin garin nan, na yi kuskure. Shi ke nan. Ka mayar masa da takardarsa a nan take."

Na hau sama da sauri har ina haki, ina jin kamar an sauke mini dutse. Na jira Direba na gaya masa.

"Ni? In tsaya gaban mai sayar da kifi in ce na yi kuskure? Tukuna ma an miƙa? Mama, irin wannan abu ranar ake yinsa. Ranar da kowa ya taru wuri ɗaya."

Ranar ta zo. Da tsakar rana ake miƙa mulkin. Direba bai fita aiki ba, yara suna makaranta, mu uku muka zauna gaban talabijin. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, mutane har inda ido ya ƙare, kowa cikin rigar sanyi. Ga sojoji kuwa ko'ina, a jere, da bindigogi.

"Kin gani?" in ji Direba. "Kin ga yawansu? Me ya kawo su?"

Ya matso bakin kujera. Ni na riƙe haɓar zanena da hannu biyu. Aka nuna tsohon shugaban yana zaune, fuskarsa ba ta faɗin komai. Sabon ya miƙe, ya ɗaga hannu, yana maimaita abin da ake faɗa masa. Ya sauke hannu.

Sai igwa ta tashi.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na jawo surukata ina cewa ta kwanta, ina kiran yara, yara, a je a ɗauko yara. Igwa ta sake tashi, ta sake. Na ɗaga ido sai na ga ɗana a tsaye a tsakiyar falo, hannuwansa a sama, yana tsalle.

"Sun fara! Na gaya muku! Sun fara!"

Fuskarsa tana haske. Na gane fuskar nan, ita ce tawa a gefen titi ranar wanki. Da na gan ta a jikin wani sai ta fi ba ni tsoro.

"Gaisuwa ce!" Surukata ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. "Gaisuwa suke masa! Ka zauna! Dubi mutane, akwai mai gudu?"

Babu mai gudu. Tafi suke yi. Tsohon ya miƙe ya ba sabon hannu. Bayan an gama jawabai aka nuna shi da matarsa suna tafiya a ƙasa zuwa jirgi mai saukar ungulu. Ya hau matakala, ya juyo, ya ɗaga hannu, ya shiga. Jirgin ya tashi. Sojojin suna nan inda suke, sun juya suna sara wa sabon.

Direba ya sauke hannuwansa a hankali. Ni ina zaune a ƙasa, na ji amin ɗin da ya maƙale mini tun ran Lahadin nan ya fito da kansa, a hankali, ba wanda ya ji.

Na tashi na gyara ɗaurin zane, na sa rigar sanyi, na ɗauko ambulan biyu.

"Tashi mu je. Magana ce ba ta fi numfashi ɗaya ba."

Bai dube ni ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Na sauka ni kaɗai. Shagon a cike, duk waɗanda suka shaida suna nan, har da waɗanda ba su shaida ba. Na ba Alhaji nasa mai tabon goro. Ɗayan na riƙe.

"Ina shi, Mma?"

"Yana sama."

Ya dubi agogo. "Zan jira shi har la'asar."

Aka ba ni kujera. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe sai in juya, in ga mai sayen manja, in ga mai sayen kifi. Da na ga rana ta karkata na sake hawa, hawa huɗu da gwiwoyin nan nawa. Na ƙwanƙwasa. Na kira shi Direba, shiru. Na waiwaya ba kowa, na sa bakina a jikin ƙofa na kira shi da sunansa na yanka, wanda rabona da faɗa tun ranar da aka raɗa masa. Na ji gado ya motsa. Na jira. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Na sauko. Alhaji ya yi alwala, ya shiga baya ya yi salla, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya fito, ya dubi ƙofa sau ɗaya, sa'an nan ya zo gabana ya miƙo hannu biyu. Ƙullin ya kwana wata uku, duk zanen da na sauya a nan nake sake ɗaure shi, ranar kuwa na ja shi da ƙarfi har ya ƙi kwancewa. Da haƙori na kwance. Na sa masa makullan da takardar a hannu. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi masa barka.

"Mma, ka riƙe amana," in ji shi.

Ƙanen matarsa Alhaji ya ba motar yana tuƙawa. Direba ya samu aikin lodin jakunkuna a filin jirgi, jirgin ƙasa biyu da bas yake hawa kafin ya isa. Ƙanwarsa ta zauna a gida shekara guda. Kullum da safe yana gaishe ni yadda ya kamata, yana rusunawa, amma ya daina cin abin da na dafa. In na zuba masa sai ya ce ya ci a waje.

Surukata ta sauka lafiya, mace. Ranar suna Alhaji ya aiko da cinyar rago. Direba ya gani a kicin, ya tambayi daga ina, aka gaya masa. Ya ce a mayar. Daga cikin ɗaki, tana kwance da jaririya a ƙirji, matarsa ta ce, "Mama, ki dafa."

Na dafa. Da baƙi suka watse na zuba masa a kwano na ajiye a gabansa, na koma gefe na zauna. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sa'an nan ya tashi ya wanke hannu.